Taƙi Ɗaya

Litinin. Tarin ya ɗan lafa, gwiwa kuwa tana nan yadda kika bar ta.

Uwata,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mai taraktan da kika turo ya kashe mini gona. Duron man da kika aiko, wanda ya isa huɗar gonar duka har da saura, a rabi ya ƙare. Na dogara sanda na je na gani. Ya luma garma har ya tono jar ƙasa, ya binne baƙar da na yi shekara talatin ina ciyarwa da taki. Kuma a gefen laka ya fara, ƙasa a bushe kamar daɓe. Inji na gurnani, hayaƙi na tashi baƙi ƙirin, taya na juyawa wuri ɗaya. Man ba zai ƙone ba?

Na rubuta masa ƙuru-ƙuru a takarda: zurfi taƙi ɗaya. Daga babban yatsa zuwa na tsakiya, abin da duk manomi ya sani. Kada ki kira waya, kunnena ya bi ni ritaya. Ki rubuto.

Allah Ya yi miki albarka.
Babanki

*

Baba,

Ina gaishe ka da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Na yi magana da mai tarakta, ya rantse abin da ka rubuta ya bi. Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Wani duron ba zai samu ba bana. Akwai mai son karɓar gonar haya, ɗakinka kuma yana nan a share, kusa da asibiti. Ka dawo wurinmu ka huta hakanan.

Yara suna gaida Kaka.
'Yarka

*

Laraba. Ban ci komai ba, takardarki ta ƙosar da ni.

Uwata,

Gaisuwa. Wato shi ya rantse, ni na yi ƙarya? Shekara ashirin da bakwai ina malamin gona, ina koya wa mutane cewa duk yatsa ɗaya da garma ta ƙara nutsewa, mai take sha, yau wani mai kan kabewa zai ƙaryata ni a wurin 'yata? Ɗakin da kika share ki zuba masa kaji. Gonar nan da uwarki muka cire kututturanta. Ya kawo takardar in yana da gaskiya. In ni na yi kuskure, ki ba da hayar, ba zan ce uffan ba.

Babanki

*

Ranka ya daɗe, Malam,

Barka da hutawa. 'Yarka ta karanta mini wasiƙarka, ga takardarka nan ciki. Taku ɗaya ka rubuta. Ni ma abin ya ba ni mamaki, shi ya sa na tsaya bakin ƙofarka na ɗaga murya na ce, "Baba, taku?" ka gyaɗa kai, ka ce in daina surutu in kama aiki. Da takalmina na auna, ni kuma Allah Ya yi ni da ƙafa. In an samu mai ko jarka biyu ne, aka yi ruwa ƙasa ta yi laushi, zan ƙarasa maka sauran ba sai an biya ni ba. Kan kabewa kuma na ji, na gode.

Mai tarakta

*

Juma'a. Hannun dama yana rawa tun safe.

Uwata,

Ina gaishe ki. Na sa tabarau na duba takardar a hasken taga har sau uku. Ƙugiyar ƙ ba ta fito ba, wasalin ƙarshe kuma ya karkace ya zama u. Hannun da ya ci kyautar rubutu a makaranta, shi ya yi mini wannan tsiya. Amma wane mai hankali ne zai huɗa taku guda a busasshiyar laka don takarda ta ce? Da na rubuta ya faɗa rijiya, faɗawa zai yi?

Na san abin da na ce ranar Laraba. Ban manta ba, ba sai kin tuna mini ba. Abu ɗaya nake roƙo: ki zo ranar Talata da jarka biyu, ki tsaya a gonar ki ga rabin da ya rage an huɗe shi yadda ya kamata. Bayan nan ki yanke abin da kika ga dama. Kada ki zo mini da mai hayar.

Allah Ya kawo ki lafiya.
Babanki

*

Talata, bayan la'asar. Jiki da sauƙi.

Uwata,

An yi ruwa shekaranjiya. Na damƙi ƙasar, ta dunƙule, na sake ta, ta warwatse. Yau ce ranar huɗa, jibi ta wuce. Na yanke kara daidai taƙi ɗaya don kada a sake dogara da rubutuna. Mai tarakta ya zo da sassafe, ya zauna da ni har azahar, ya tafi wata gonar.

Na fitar da kujera biyu ƙofar gida. Ba ki zo ba.

Babanki