Tukunyar Baban Senthil

Kobe, Japan, Talata

Zuwa ga yayata, Akka Visalam,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da yara da jikoki. Ya gwiwar taki? Tunda kunnenki ba ya shiri da waya, na ɗauki biro. Ɗana Senthil zai ɗauki hoton takardar ya turo miki.

Kin riga kin ji. Baban Senthil ya tafi jiya da hantsi, yana zaune a kicin ɗin gidan abincinmu yana yi wa mai girki faɗa a kan gishiri. Ban yi kuka ba tukuna, Akka, domin akwai nauyin da ke kaina. Tun ranar da muka raka gawar wani abokinsa Bajapane ya ga yadda suke ƙona mamaci, ya sa na yi masa alkawari. Ya ce, "Pankajam, kada ki bari a tura ni tanda kamar burodi. Ɗana ya ɗauki tukunyar ruwa a kafaɗa ya zagaye ni ya fasa ta, yadda na yi wa ubana. In ba haka ba, nan zan zauna ina bin ki ɗaki-ɗaki." Dariya na yi masa a lokacin, yau ga shi ta ƙare mini.

Ɗazu Okuda-san, mutumin kamfanin jana'iza, ya zo. Na ce masa za mu fasa tukunya a gidan ƙonawa. Kin san Japanawa ba sa cewa a'a. Ya ja iska ta haƙora, ya sunkuya, ya ce abin da wuya. Na maimaita, ya ƙara sunkuyawa. Wai a can ba a zubar da ruwa a ƙasa, ba a fasa komai, kuma wasu iyalan na jiran layi. Sai da na ji kamar in riƙe masa kai ya tsaya wuri ɗaya.

Manyanmu Indiyawan nan sun ce in haƙura, wai ƙasar mutane ce, kowa haka ya yi. Senthil ma ya bi bayansu, ya ce addu'a ta isa. Matarsa Chiharu, Bajapaniyar nan, kuwa tana gefe kamar kullum, ita dai ba na sa ran komai daga wajenta. Tukunyar ƙasa irin tamu ma babu ita a duk garin nan.

Jibi za a kai shi. Ina jin tsoro, Akka. Mutumin nan bai taɓa roƙona komai ba sai wannan. Ki kunna mini fitila a gaban abin bautarmu Murugan.

Ƙanwarki,
Pankajam

Kobe, Juma'a

Akka tawa,

Bayan gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, ki zauna da kyau kafin ki karanta. An fasa tukunyar!

Shekaranjiya ina ninke kayan Baban Senthil sai ga Chiharu riƙe da kwanon da yake cin shinkafa a ciki. A hankali ta kira ni uwa da yarensu, ta ce, "Okasan, wannan za mu fasa gobe, ko kina da wanda kika fi so?" Raina ya ɓaci, na ce ba'a take yi mini? Sai ta durƙusa ta yi mini bayani. A ƙauyensu, idan za a fita da gawa, a ƙofar gida ake fasa kwanon mamacin, don ya san ba shi da sauran abinci a gidan, ya kama hanyarsa. Da hannunta ta fasa na kakarta. Ita da ta ji ana ta maganar fasawa, ta ɗauka wannan muke nufi, tana mamakin abin da ya sa muke wahalar da kanmu.

Akka, na tsufa a ƙasar nan ban san haka ba. Kuskuren nawa ashe wuri ne. Mu a wajen ƙonawa muke yi, shi ya sa na nace a kansa, alhali su ƙofar gida a buɗe take.

Ko zanen sarin da ke jikina ban canza ba na ja ta muka tafi ofishin Okuda-san. Na ajiye masa kwanon a tebur na ce, "Wannan kuna fasawa a ƙofar gida?" Ya ce sosai, in iyali na so. Na ce, "To, mu tukunya muke fasawa. Mijina ya fi naku ci ne kawai." Mutumin nan da ban taɓa ganin haƙorinsa ba sai da ya rufe baki da hannu. Ya ce in dai a ƙofar gida ne kafin mota ta tashi, shi da kansa zai tare hanya. Malaminmu na addini ya yi ta gunaguni a waya daga Tokyo, wai ba nan ne wurinta ba. Na ce masa ya zo ya nuna mini wurin.

Saura tukunya. Nan ma Chiharu ce ta fita baranda ta ciro bishiyar ganyen miyar nan, kori, da Baban Senthil yake shigo da ita ɗaki duk lokacin sanyi kamar jaririya. Tukunyarta ta jar ƙasa ce, kuma da hudarta a gindi, ba sai an huda ta don ruwa ya riƙa zuba ba. Ta wanke ta tas.

Jiya da safe aka fito da shi aka ajiye a ƙofar gida. Senthil ya ɗaura farin zane, ƙirji a buɗe, sanyi na kaɗa shi. Ya ɗora tukunyar a kafaɗa, ya toshe hudar da yatsa, da ya fara zagaye ya saki, ruwan na bin bayansa. Okuda-san ya so a naɗe tukunyar a takarda don kada ta watse, na ce a bar ta ta yi ƙara. A zagaye na uku Senthil ya sake ta ta baya bai waiwaya ba. Kin ji ƙarar? Har ƙarshen layi!

Na ɗaga kai ina jiran a yi mana kallon mahaukata. Maƙwabta duk sun fito, tsofaffi da matansu, kowa ya haɗa tafin hannu ya sunkuyar da kai. Ba wanda ya tambayi ma'anarta, sun riga sun sani. Manyanmu da suka ce in haƙura suna ta share ido. A nan kukana ya ɓalle, na yi shi da ƙarfi irin na gida, Chiharu na riƙe da ni. Na cika masa alkawari, Akka, kuma ina alfahari da kaina, ba zan ɓoye miki ba.

Da muka dawo da tokarsa, Okuda-san ya tsayar da ni. Ya ce idan wani Ba'indiye ya sake rasuwa, ko zan zo in nuna musu yadda ake yi? Na ce zan zo, amma ya dubi furfurata, wataƙila ni ce ta gaba. Ya rasa inda zai sa idonsa. Na ce kada ya damu, in ranar ta zo ya tambayi 'yata, ga ta nan tsaye. Chiharu ta waiwaya tana neman wadda nake nufi.

Ki gaida kowa da kowa, ki kula da gwiwar nan.

Taki har kullum,
Pankajam