Ƙarshen Waƙar Wanki

Inna,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar Baba, ya Auta? Ni lafiya lau, ramar da kika gani laifin hoto ne.

Ran Asabar zan fara jagorantar makaɗa. Na haɗa masu gogen babban zauren kiɗa na nan garin da mai gangar bakin tasha. Uku sun fice, wai ba sa zama da ɗan titi. Za su dawo, na ga ƙafarsu tana bin kiɗan.

Waƙar wankinki za mu kaɗa, amma ban san ƙarshenta ba, muna yara kullum sai kukan ɗayanmu ya katse ki. Auta ya riƙe miki waya ki rera har ƙarshe. Wannan karon zaure guda zai yi tsit ya saurare ki.

Ki sa albarka.

Ɗanki