Shafin Godiyar Galih

Zuwa ga Maman Galih,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kin isa Malang lafiya. Yaya ciwon gwiwar?

Sumirah, ke shaida ce. Da amalanke ɗaya na aro na fara sayar da miyar bakso mai curin nama a Klaten, ina kwana a ƙarƙashinsa. Yau shagunana uku, na gina gida, na kai ki Makka, ba wanda ya ba ni ko cokali. Amma ɗan da na haifa mafarki ya kayar da shi!

Kin ce yana tashi da ihu har 'yan ɗakinsa sun gaji, wai yana ganin kansa gaban malaman jarrabawa, bakinsa cike da shinkafa, ya kasa magana, kuma duk malaman fuskata gare su. To, ni ne dodon ke nan? Ni ma har gobe ina mafarkin amalanke ya kife, miya tana bin kwata. Wa na taɓa kai wa ƙara? Wanke fuska nake yi in hura wuta.

Ita wannan likitar zance ta jami'a da kika ce yana zuwa wurinta, Ibu Ratri, ba allura ba ƙwaya, sai "yaya kake ji?" Wannan ma sana'a ce? Kuma wai ta ce in rage kiransa ina tambayar maki. Na daina gaba ɗaya, mu ga tsiya.

Mijinki,
Tukiran

Maman Galih,

Ina gaisuwa. Ina fatan ku da yaron kuna lafiya.

Kundin digirinsa ya iso, da baƙin bango da rubutun zinare. Na ji yana barci yanzu, har ya yi ƙiba. Madalla. Ban gane turancin ciki ba, sai na buɗe shafin godiya, da yake shi da yarenmu aka rubuta, a gaban yaran shago ina taƙama. Ya gode wa Allah, daidai ne. Ya gode miki. Ibu Ratri ta samu layi huɗu, wai ita ta koya masa cewa neman taimako ba abin kunya ba ne. Har kyanwar gidan haya da ke kwana a ƙafarsa ta samu shiga. Na bi da yatsa har ƙasa, yara suna jira. Babu ni.

Kin ce yana so in zo mu zauna gaban matar nan, akwai maganar da ya kasa faɗa mini. In zauna kamar mai laifi gaban yarinyar da na girme wa ubanta? Ba da ni ba.

Ki gaya masa: kafin ranar yaye su a sake buga shafin nan, in ba haka ba kujerata ta zauna wayam. A rubuta Haji Tukiran Wiryo, mahaifi, cikakke. Kuma a saman kyanwa, ba a ƙasanta ba.

Mijinki,
Tukiran