Makullin da Ya Shiga Shagon Jemima

Yelwa, Bauchi
4 ga Yuni, 2007

Ɗana Ikrima,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da aiki, da su Inna.

Yawancin mutane sun ɗauka faifan waƙa, waƙa ce kawai a cikinsa: ka sa, ka saurara, ka cire. Na sha gaya muku a aji cewa yana iya barin wani abu a cikin kwamfuta. To ga shi ya faru a unguwarmu.

Maƙwabciyata Jemima, mai shagon buga takardu a bakin jami'a, ta sayi sabon faifan mawaƙiyar nan Zinariya, na asali, ta sa a kwamfutocinta biyu. Tun ranar suka daina karɓar faifai, da an taɓa su sai su tsaya cak. Ga aikin ɗalibai goma sha ɗaya a ciki, na kammala digiri, za su miƙa ranar ashirin ga wata. Ɗaliban har sun laƙaba mata suna Madam Bairos, wai mai cutar kwamfuta. Jiya wata daga cikinsu ta ce mata, "Madam Bairos, ba ni aikina in kai inda ake da tsabta!" Jemima ta ce, "Ɗauki mana, in kin iya fito da shi." Da yarinyar ta tafi sai Jemima ta kifa kai a tebur.

Na duba, na ga wata manhaja ta ɓuya a ciki. Tunda a situdiyon da ya fitar da faifan kake, ko ka san wanda ya saka ta?

Malamarka,
Habibatu

*

8 ga Yuni

Malama, ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ladabi. Ni ne. Kwana uku ina juya takardarki.

Faifai zai fito da safe, kafin la'asar an kwafe shi ana tallarsa a baro. Shekara guda Zinariya ta yi tana wannan aiki. Na ce wa Oga, mai situdiyon, zan yi wa faifan makulli, wato manhajar da za ta hana kwafe shi. Na gwada a kwamfutar situdiyo, sabuwa dal, lafiya ƙalau. Ban gwada a kan kwamfutoci 'yan gwanjo ba, alhali su ne a hannun kowa a garin nan. Gargaɗi kuma Oga ya hana a rubuta a bango, wai zai kori masu saye.

Yanzu 'yan kasuwar Muda Lawal sun dawo mana da kwali bakwai. Wani dattijo ya dire nasa ya ce, "Na jabu bai taɓa kashe wa kowa inji ba, sai naku mai hatimi!" Oga ya ce duk wanda ya buɗe baki ya nemi wani aikin.

Ki karɓar mini mabuɗin shagon Jemima. Ranar Lahadi tana coci sai in gyara, ba wanda zai sani.

Ɗalibinki,
Ikrima

*

9 ga Yuni

Ɗana Ikrima,

Na amsa gaisuwarka. Na kuma yi murna da ka ce "ni ne", ba kowa ke iyawa ba.

Amma mabuɗi ba zan karɓa ba. Ka shiga injinta ba sallama, yanzu kuma shagonta? Kare guminku daidai ne, Zinariya ta cancanci haƙƙinta. Sai dai wanda ya sayi faifai bai sayar maka da kwamfutarsa ba. Ka kuma lura, makullin bai kama ɓarawo ko ɗaya ba, masu gaskiya ya kama.

In ka gyara a ɓoye injin zai tashi, sunan nan da suka laƙaba mata kuwa yana nan. Wannan da baki ake cire shi, a gaban mutane. Na san abin da zai iya jawo maka, ba kuma zan ce maka ƙarami ne ba. Allah ya yi maka jagora.

Malamarka,
Habibatu

*

12 ga Yuni

Malama,

Barka da war haka. Na je jiya Litinin, shago a cike. Da na gama bayani sai Jemima ta jawo kujera bakin ƙofa ta ce, "Gyara tukuna. In ka gama, zauna nan, duk wanda ya shigo ka maimaita masa." Sai magariba na tashi. Aikin ɗalibai duka ya fito, har mai kiranta Madam Bairos ta ba ta haƙuri. Oga ya sallame ni da safiyar nan.

Na rubuta yadda ake cire manhajar, layi shida, Jemima tana raba wa mutane. Ga kwafi ɗaya. Kada ki yaba tukuna: ki sa faifan a tsohuwar kwamfutar nan ta ofishinki mai ƙarar injin niƙa, ki bi layukan da kanki. In ta ƙi, ki aiko mini. Yanzu ina da lokaci.

Ɗalibinki,
Ikrima