Mu Biyu Ne Muke Kallonki

Ya ke farin watan raina, raɓar da ke sauka kan busasshiyar zuciyata, inuwar da nake fakewa in rana ta take,

Kin san ni ba mai yawan magana ba ne. Wannan kuwa na daɗe ina auna ta, yau zan sauke.

Kin tuna ranar kotun gwaji, da malam ya raba ajinmu na koyon aikin lauya gida biyu da ƙuri'a a kan dashen gaɓoɓin mamaci? Ɓangaren masu ƙi ne ya faɗo miki. Kika miƙe cikin baƙar riga, muryarki kamar ruwa a kan dutse, kika ce mamaci yana bin sashen jikinsa duk inda aka kai shi, kuma ke ba za ki iya haɗa ido da mai kallo da idon gawa ba. Aji ya ɗauki tafi. Wani daga bayan aji ya rantse ko farcensa ba zai bar wa kowa ba, aka fashe da dariya. Ban yi ba.

Masoyiyata, siririyar fatar nan garai-garai da ke gaban ƙwayar idona na hagu, ba da ita aka haife ni ba. Ta wani bawan Allah ce da ya rasu, aka dasa mini tun ina sakandare. Ba a faɗa mini sunansa ba.

Wani lokaci idon yakan cika da hawaye a bakin ƙofar gidan da ban taɓa shiga ba. A madubi nakan ga kamar jira yake in gaishe shi. Ranar da na fara ganinki tsakanin kantocin littattafai, shi ya riga ɗan'uwansa tsayawa a kanki, kamar ya san ki tun da can. Wayyo! Ni kaɗai nake sonki, ko mu biyu ne?

An koya mana kare abin da ba mu yarda da shi ba. To, don Allah, ƙuri'a ce ta yi magana ranar, ko ke ce? Idan ke ce, ba zan ɗaukaka ƙara ba. Zan koma kujerar baya, in so ki daga nesa kamar yadda ake son tauraro. Gobe bayan lacca zan tsaya a bakin matakala, in cire tabarau. Ki dube ni, ko ki wuce. Zan gane.

Naki, har ranar da za a rufe mini idanun nan, nawa da na aro.