Ƙafar Baban Binta

Yelwa, Oktoba 1992

Zuwa ga Yaya Halimatu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam da yara da duk mutanen Shanga. Ya ciwon bayanki? Allah shi ƙara sauƙi.

Kada ki firgita da ganin Yelwa a kan takarda. Ina asibiti ne, ina jinyar Baban Binta. Yara suna Wara wajen Inna.

Bana tsuntsayen jan-baki sun sauko wa gonakin bakin ruwa kamar hayaƙi. Manoma suka kai kuka, ma'aikatan gona suka zo cikin mota, suka leƙa, suka ce jirgin feshi na nan tafe. Shiru kike ji. Kowa ya koma kora da gwangwani da majajjawa. Cikin wannan guje-gujen ne Baban Binta ya taka tsinin icce, ya shige masa tafin ƙafa. Aka ɗaure masa a ɗakin shan magani, ya koma gona, don tsuntsu ba ya jiran mai ciwo. Da ƙafar ta haye, ƙanensa Idi ya kawo mu nan.

Yaya, wanga wuri ba na mai neman lafiya ba ne. Silin ɗakin maza ya ɓule, tantabaru sun yi sheƙa ciki. Kashinsu na zuba kan zanen gado, kan kwanon kunu, har kan ciwon mutum in ya bar shi buɗe. Mai wankin ciwo kuwa almakashi ɗaya da tasar ruwa ɗaya yake bin gadaje da su. Kafin ya iso kanmu ruwan ya koma kamar romo. Na ce, "Malam, ba za a canza ruwan nan ba?" Ya ce, "Famfo ya ƙafe. In kina da rijiya ki ɗebo." Ga kogin Kwara nan yana malala a gindin gari!

Ko abinci ba ya shiga mini. Ki sa mu cikin addu'a.

Taki ƙanwa,
Lubabatu

Yelwa, Nuwamba 1992

Yaya Halimatu,

Ina gaishe ki da gida duka. Man shanun da kika aiko maƙwabciyarki Kande da shi ya iso, Allah shi saka da alheri.

An yanke ƙafar, ƙasa da gwiwa. Ranar da likita ya samu damar kwance ƙyallen da kansa, sai da ya kau da kai. Ya ce da an tsabtace ciwon tun farko, da yanzu muna gida. Na dubi mai wankin ciwo, yana tsaye yana cin goro.

Abin da ya biyo baya ban faɗa wa Inna ba. Da aka fito da Baban Binta, na je ƙofar ɗakin tiyata na roƙi a ba mu ƙafar mu binne, kamar yadda addini ya ce. Wani mai shara ya nuna mini bayan gini da baki.

Akwai rami can inda suke zuba auduga da ƙyallaye masu jini. Ungulaye sun rufe shi, irin waɗanda ke wuni a mahauta, sun yi ƙiba har ba su tsoron mutum. Yaya, na gane ta. Na gane faratan da nake yanke masa ran Juma'a. Na tsinci sanda na auka musu ina ihu kamar mahaukaciya, su kuwa sai su ɗan matsa su tsaya suna kallona, suna jira in gama. Na cire mayafina na naɗe abin da suka rage. Na ba Idi a hannu.

Idi ya kai ta maƙabarta. Da Baban Binta ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya ke nan: "An binne ta?" Na ce an binne. Ya ce alhamdu lillahi, ya juya fuska bango.

Ki gaida Malam.

Lubabatu

Wara, Disamba 1992

Yaya,

Da fatan kun tashi lafiya. Inna na gaishe ki, Binta ma.

Mun dawo. Na ƙi yarda a ci gaba da wanke masa dungun da wancan ruwa, ni nake tafasa nawa da gishiri, kuma yana kamewa. Idi ya sassaƙa masa sanduna, har zaure yana kaiwa.

Jirgin feshi ya zo, bayan tsuntsaye sun cinye dawa sun tashi. Ya yi ta shawagi kan karare, yara na bin sa da tafi.

Shekaranjiya kuma aka yi taron tallafin manoma, da lasifika da kujeru. Idi ya karɓo rabon yayansa: takalman roba dogaye, na shiga gona, sababbi fil, na dama da na hagu. Na ɗauke su zan jefa cikin ruwa, Baban Binta ya hana. Ya juya su, ya ƙwanƙwasa ƙasansu da yatsa, ya ce masu kauri ne, icce ba zai huda ba.

Su ne cikin ƙunshin da ke tare da wagga takarda. Ya ce a ba Malam, shi yana da inda zai sa su.

Taki har kullum,
Lubabatu