Awon da Ya Raba Dattijo da Kujerarsa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya gwiwar nan taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Ni kam jiki lafiya, zuciya ce babu daɗi. Kin san Dattijo na ofishinmu, wanda ya koya mini kula da rumbun bayanai tun ban iya komai ba. Watan jiya na'urarmu ta kusa cika, shugaban sashe ya ce in auna wurin da ke zaune a banza cikin teburorin bayanai da fihirisarsu. In an goge layin bayani a na'ura, gurbinsa na nan, kamar ɗakin da aka kwashe kaya aka kulle. Share irin wannan gurbi aikin Dattijo ne.

Hanyar awo biyu ce. Ko a bi shafi-shafi, wuni guda, ko a yi kiyasi daga ƙididdigar da na'ura ta ajiye, minti biyar. Ni sarkin gaggawa na ɗauki ta biyu. Ta nuna mini kashi sittin cikin ɗari na wurin a banza yake, na rubuta har da jan layi. Shugaba ya kira Dattijo, ya tambaye shi shekara nawa ya yi yana barci a bakin aiki. Bawan Allah bai yi musu ba. Ya ce shi dai yana sharewa, amma tunda ni na auna, ya yarda. Aka sallame shi, ya ɗauki kofinsa da tabarau ya tafi, aka ba ni kujerarsa ta kusa da taga.

Shekaranjiya na zauna na bi shafi-shafi. Kashi tara, Yaya! Ashe ƙididdigar ta wata takwas da suka wuce ce, ban sabunta ta ba kafin awo. Bayanai ne suka ƙaru, ni kuwa na lissafa su a matsayin wurin banza.

Na kai wa shugaba takardar. Ya karanta, ya jefa a durowa, ya ce an riga an sallami mutum, kada in tayar da zance.

Jiya Dattijo ya bugo waya. Na zaci ya ji labarin kuskurena. Ashe murna ya kira ya yi mini. Ya ce, “Ki riƙe wurin da kyau, 'yata, kada ki yi sakaci irin nawa.”

Na ce to. Wallahi abin da bakina ya iya furtawa ke nan, kuma kunyar kaina ta hana ni cin abinci.

Ki sa ni a addu'a. A gaida yara.

Ƙanwarki,
Auta